Linzamin Kwamfuta da Nauyin Amana

Malaman fiƙihu sun raba ilimin da ya wajaba gida biyu. Akwai wanda ya hau kan kowane baligi shi kaɗai, kamar sanin alwala da salla, akwai kuma wanda idan wasu suka ɗauke shi an sauke wa saura nauyi, kamar likitanci da rabon gado. Tambayar da ta cancanci a zauna a kanta ita ce: a wane gida za a ajiye sanin yadda ake sarrafa kwamfutar tebur, wato kunna ta da kashe ta bisa ƙa'ida, riƙe linzami, buɗe fayil, adana shi a inda za a same shi gobe, da kulle allo idan za a tashi? Da yawa za su ga abin ya yi ƙanƙanta da a jawo masa addini. Ra'ayina shi ne duk wanda aka ɗora masa haƙƙin mutane, kuma haƙƙin nan yana zaune a cikin kwamfuta, to sanin waɗannan ƙananan abubuwa ya zama wajibi a kansa, kuma rashin saninsu sakaci ne da za a tambaye shi.

Sai a fara da sanin abin da ake magana a kai. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ko Windows ce, ko macOS, ko Linux, ita ce ke tsakanin mutum da ƙarfen na'urar. Fasalin da muka saba gani a allo ya samo asali ne daga binciken kamfanin Xerox a Amurka a shekarun 1970, Apple ya yaɗa shi da Macintosh a 1984, Microsoft kuma ya fitar da Windows na farko a 1985. Waɗanda suka tsara shi teburin akawu suka kwaikwaya: ga takarda, ga folda da ake zuba takardu, ga kwandon shara a gefe. Ashe ke nan tsohuwar sana'ar magatakarda ce ta sauya riga. Wannan sana'a kuwa Musulunci bai taɓa raina ta ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi, da adalcin mai rubutu, da kafa shaidu. Bayan yaƙin Badar an karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansar wasu kamammu, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu su riƙa bi ta hannun wanda aka amince da shi. Dalilin umarnin nan amana ne, kuma shi ne dalilin da ya kai mu ga kwamfuta a yau.

Akwai ƙa'idar usulul fiƙihi da kowane ɗalibi ya sani: abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Wanda ruwan alwalarsa ke cikin rijiya, guga da igiya sun shiga cikin abin da ake nema a gare shi. Mu ɗauki akawun makaranta da aka ba shi sakamakon jarabawar ɗalibai ɗari huɗu ya shigar. Ya zauna tun hantsi yana bugawa, bai san cewa abin da ke kan allo yana rataye ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ba, wadda ke wofinta da zarar wuta ta ɗauke. Da ya san ya haɗa maɓallin Ctrl da S lokaci zuwa lokaci, da aikin ya sauka a faifan ajiya. Ya yi kuskure ya share layi guda, bai san Ctrl da Z na mayar da shi ba, sai ya cike gurbin da abin da yake zaton ya tuna, yaron da ya ci saba'in ya koma arba'in. Ya ji an ce abin da aka goge yana zuwa kwandon shara ana iya dawo da shi, bai san cewa a Windows abin da aka goge daga filasha yawanci ba ya bi ta kwandon ba. Kwafi ɗaya tak yake da shi, a filashar da ke yawo a aljihu daga wannan na'ura zuwa waccan. Babu mugun nufi ko ɗaya a zuciyar mutumin nan, amma haƙƙin yara ya salwanta a hannunsa, kuma abin da zai hana hakan bai wuce karatun yini biyu ba.

Haka zancen yake a ɓangaren sirri. Addini ya hana bin diddigin mutane da tona asirinsu, ya kuma ɗora wa wanda aka ba ajiya ya tsare ta. Ma'aikaciyar asibiti da ta tashi salla ta bar allo a buɗe da sunayen marasa lafiya da cututtukansu ta bar ƙofar ɗakin wani a wangale, alhali danna maɓallin Windows tare da L ya isa ya kulle shi cikin ƙiftawar ido. Wanda ya rubuta kalmar sirri a takarda ya manna a jikin allo tamkar mai gadi ne da ya rataye mabuɗi a jikin kwado. Ko saƙon sabunta manhaja da mutane ke turewa gefe yana da nasa nauyin. A watan Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris. Na'urorin da aka sabunta sun tsira. Tun ran gini ran zane.

Mai suka na farko zai ce wannan ilimin duniya ne, kuma kiransa wajibi rage darajar kalmar ne. Amsarsa tana wajen magabata. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa likitanci da lissafi, har da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa, cikin farillan da al'umma za ta yi laifi idan ta rasa masu yin su. Bai ce darajarsu ta kai ta tauhidi ba, kuma ni ma ban ce ba. Darajar ilimi daban, wajabcinsa a kan wani mutum a wani hali daban. Sanin ɗaurin kaya bai kai tafsiri daraja ba, amma direban da ya ɗauko buhunan mutane, a wannan tafiyar ɗaurin ne za a tambaye shi idan kaya suka zube a hanya.

Mai suka na biyu ya fi ƙarfin hujja. Zai ce: na yarda wajibi ne, amma irin wanda wasu ke ɗauke wa wasu, ina da yaro a ofis, akwai kuma shagon kwamfuta a bakin titi. Gaskiya ne manomi a gonarsa da mai sayar da koko a ƙofar gida babu wannan nauyi a kansu. Sai dai malamai sun ce farillar da ke kan jama'a takan koma kan mutum ɗaya idan shi aka ayyana mata. Wanda ya karɓi kujera, yana karɓar albashinta, shi aka ayyana. Idan ya miƙa wa yaro kalmar sirrinsa, ya miƙa masa hatiminsa ne, duk abin da aka aika ko aka sauya da sunansa aka yi, kuma ba shi da idon da zai duba. A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a wannan yanki, ana lamuntar da masu sana'a kayan mutane da suka lalace a hannunsu, domin kare dukiyar jama'a. Hadisi kuma ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da likitanci ba. Ma'anar duka biyun ɗaya ce: wanda ya tsaya a matsayin masani bai da uzurin jahilci. Akwai ma wuraren da wakilci ba ya yiwuwa sam. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Yarinyar da ta haddace darussanta amma hannunta na rawa a kan linzami, babu wanda zai zauna mata, kuma mintunan da ta ɓata tana neman inda za ta danna daga lokacin jarabawarta ake cire su.

Na uku zai ce ilimin nan ba ya daɗewa, yau a koya gobe a sauya, ga shi wayar hannu ta wadatar. Lallai fuska tana sauyawa. Microsoft ma ya daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025. Amma tushen bai motsa ba shekara arba'in: a san inda aka ajiye abu, a ba shi sunan da za a gane, a yi masa kwafi a wani wuri, a tsare shi daga wanda bai da haƙƙin gani. Wanda ya riƙe waɗannan, sabon fasali ba ya ɗaukar masa mako guda. Waya kuwa ta saba wa mutane da taɓawa da shafawa, tana ɓoye musu inda fayil yake zaune, shi ya sa za a ga gwanin WhatsApp ya rasa takardar da ya sauke minti biyar da suka wuce. Albashi, bayanan kotu, rajistar asibiti da lissafin kamfani har yanzu a tebur ake yawan yin su.

Saura uzuri ɗaya da ya kamata a karɓa hannu bibbiyu, shi ne rashin hali. Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma yaron ƙauyen da makarantarsa ba wuta ba na'ura ba shi da laifi. Amma nauyin bai ɓace ba, komawa ya yi kan masu iko da masu dukiya da iyayen gari. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana zai same ta a ɗaki guda mai kwamfuta goma da hasken rana da malami mai haƙuri, kamar yadda zai same ta a rijiya.

Abin da ya fi hana manya koyo a ofisoshinmu kunya ce, kada a ga mai furfura yana tambayar ɗan cikinsa inda ake dannawa. Magabata sun ce mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi, kuma matambayi ba ya ɓata. Kunyar da ta fi cancanta a ji ita ce ta ranar da tsoho zai zo neman takardar fanshonsa a ce masa ta ɓace a kwamfuta, alhali ba ɓacewa ta yi ba, wanda aka ba ajiyarta ne bai koyi ajiya ba.