Masu Zuba Guba a Rafi, Ku Ji Tsoron Allah

Da zarar rani ya kama, ruwan Kogin Kontagora da ƙoramun da ke zuba cikinsa ya janye, sai gurabe kawai su rage. A nan ne ƙauye gaba ɗaya yake taruwa: masunci da birginsa, Bafulatani da garkensa, mai lambu da injin ban ruwansa, mata da tulunansu. To a wannan ɗan ruwan ne wasu marasa imani ke lallaɓowa da asuba su tuttula gamalin ko ragowar maganin feshi, kafin hantsi kifi ya taso ciki sama, su kwashe a buhu.

Wannan ba su ba ne, kisan kai ne a hankali. Gamalin maganin ƙwari ne, sinadarin da ke cikinsa kuma, wato lindane, tun 2009 Yarjejeniyar Stockholm ta sa shi cikin gubar da duniya ta amince a daina amfani da ita, saboda ba ya ruɓewa da wuri, yana maƙalewa a kitsen kifi da na wanda ya ci. Banda ba ta kashe shi, barkono kawai ke ɓoye warinsa. Tarwaɗar da aka kyafe a tunga, gobe tana kasuwar Kontagora, jibi tana cikin miyar mai jego.

Wani zai ce ai kakanni ma sun yi su da magimfa. Sun yi, amma ganye ne da ƙarfinsa ke gushewa cikin kwanaki, kuma ba a taɓa shi sai da yardar Sarkin Ruwa. Gamalin kuwa ba ya zaɓe: uwa da ƙwai, ƙarfasa da kwaɗo, duk ɗaya. Mutum ɗaya ya cika aljihu rana guda, masu taru da mali su shekara suna jan ruwa banza. Saniya ta sha ta yi ɓari, makiyayi ya zargi manomi, ga rigimar da ba a san inda za ta tsaya ba.

Ku ma manoma da ke wanke famfon feshi a mashaya, kuna jefa robar magani a bakin rafi, kuna cikin wannan laifi. Jihar Neja ta riga ta ga abin da guba ke yi wa ƙauye: a 2015 dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi, maƙwabtanmu ne.

Masarautar Sarkin Sudan na Kontagora tana da hakimai da dagatai daga Rijau har Mashegu. A mayar wa sarakunan ruwa da ikonsu, duk wanda aka kama da kwalba a bakin gurbi a miƙa shi ga hukuma ko ɗan wane ne, limamai su faɗe shi a huɗubar Juma'a. Mai shagon da ke sayar wa wanda ba shi da ko kunya ɗaya ta gona maganin ƙwari a tsakiyar rani, shi ma a kira shi ya yi bayani.