Ɗigon Gumi a Langley da Daren Huzaifa

Tun da sinimar Le Wouri ta Duwala ta rufe a 2009, yawancin samarin unguwannin New Bell da Bépanda a ɗakunan bidiyo na unguwa da kan waya suke kallon fim, da muryoyin Faransanci. Amma akwai wani yanki a Mission: Impossible na 1996, wanda Brian De Palma ya ba da umarni, da ba ya neman fassara, don kusan babu magana a ciki, babu kiɗa.

Ethan Hunt, wato Tom Cruise, ya sauko ta rufi da igiya cikin wani farin ɗaki a hedikwatar CIA da ke Langley, zai kwashe sunayen 'yan leƙen asiri daga kwamfuta. Ɗakin yana jin sauti, yana auna zafi, daɓensa kuma ko ɗigon ruwa ya taɓa shi ƙararrawa za ta tashi. Can sama Krieger, wanda Jean Reno ya fito a matsayinsa, shi ke riƙe da igiyar. Sai ga ɓera. Igiya ta suɓuce, Hunt ya tsaya saura ƙiris ya taɓa ƙasa, hannu da ƙafa a baje. Gumi ya gangaro ta gilashin idonsa, ya tare shi da tafin hannu. Mutumin Duwala, wanda rigarsa ke jiƙewa kafin ya isa kasuwar Kongo, ya san gumi ba ya jiran izini. Shi ya sa wurin ke kama shi har ya manta da numfashi. De Palma ya gaji dabarar daga fim ɗin Topkapi na 1964, amma ya tace ta har ba abin da za a cire.

Sai dai mai kallo ya tambayi kansa: wa yake yi wa fatan tsira? Mutumin da ya shigo da kayan 'yan kwana-kwana na ƙarya, aka zuba wa ma'aikacin ɗakin magani a kofi ya yi ta amai. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, ga shi kuwa zuciyar Musulmi ta bi ɓarawon asiri.

Musulunci bai haramta leƙen asiri gaba ɗaya ba. A yaƙin Ahzab, shekara ta 5 bayan Hijira, cikin daren sanyi da iska, Annabi (SAW) ya aiki Huzaifa ɗan Yaman ya shiga sansanin Ƙuraishawa, da sharaɗin kada ya tayar da komai. Jagoransu Abu Sufyan ya ce kowa ya duba na kusa da shi. Huzaifa ya yi wuf ya riga maƙwabcinsa tambaya. Daga baya ya ga Abu Sufyan a inda kibiya za ta same shi, ya tuna umarni, ya fasa harbi. Fargabar wannan dare ta fi ta Langley, kuma aiken shugaba ne, da iyaka a kansa, don kare Madina da aka yi wa ƙawanya.

Hunt ba wanda ya aike shi. An zarge shi da cin amana, sai ya ɗauki sunayen mutane na gaske ya yi tarko da su domin ya kama maci amanar, ya wanke kansa. Fim ɗin ya iya ɓoye wannan: kyamara na manne da fuskarsa, masu sunayen kuwa ba a nuna ko ɗayansu, ita kuma zuciya wanda ta ga yana rawar jiki take tausaya wa. A ƙarshe sunayen ba su fita ba, saboda Luther, abokin aikin Hunt, ya toshe layin aikawa da su har jirgin ƙasan da suke ciki ya shige ramin ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Da na'urarsa ta gaza kafin nan, mutanen da ba a taɓa shawartarsu ba ne za su biya da rayukansu.