Shin Ganinta Ba Alheri Ba Ne?

'Yan'uwa, kowace bazara, wajen 5 da 6 ga Mayu, mu da zafi kan kora tsakar gida mukan ga taurari suna faɗowa kafin asuba. Ba taurari ba ne. Ƙura ce da tauraruwa mai wutsiya, Halley, ta bari a hanyarta, take ƙonewa cikin iska. Wasu dattawanmu sukan ce wani babba ne ya rasu. To, abin da aka san ranarsa tun kafin a haifi mamacin, yaya zai zama saƙon mutuwarsa? Amma kada mu yi musu dariya. Yawancinmu da muka shaida zuwan Halley a 1986 ba za mu kai 2061 ba, shekarar dawowarta.