Ƙuri'arki Shaida Ce, Uwargida

 Yau nasiharmu a kan zaɓe take.

Tun 2007 ake ta muhawarar gyara tsarin zaɓe a Najeriya. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya yarda cewa zaɓen da ya kawo shi akwai kurakurai, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. A rahotonsa na 2008, kwamitin ya ba da shawarar a cire zaɓo shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa. Ba a ɗauka ba. Ko a 2025 shugaban ƙasa ne ya naɗa shi. An shigo da na'urar BVAS, amma na'ura yatsa take tantancewa, ba ta ganin taliya da atamfar da aka shigo mana da su har tsakar gida da daddare.

Nan ne namu laifin. Ƙuri'a shaida ce cewa wane ya cancanci riƙon amanar jama'a, kuma Annabi (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai. Kin dangwala wa wanda kika san azzalumi ne saboda sabulu, gobe ki kai yaro asibiti babu magani, wa za ki kai ƙara?

Kada a ce miki wannan harkar maza ce. Bayan rasuwar Sayyidina Umar (RA), malaman tarihi sun ruwaito cewa Abdurrahman bin Auf ya yi kwana uku yana tuntuɓar mutanen Madina, har da matan da ke cikin ɗakunansu, kafin a yi wa Sayyidina Usman mubaya'a. Ki zauna da maigida ku tattauna 'yan takara tun kafin motar rabo ta iso unguwa.