Mutumin da Haruffa Ke Yi wa Gardama

A ƙasar Bagudo, can inda kogin Kwara ya shigo Nijeriya ya bi ta Lolo da Illo, akwai fatake masu kai da kawowa tsakanin Tsamiya da Segbana ta ƙasar Benin. A cikinsu a kan sami wanda in an faɗa masa kuɗin buhun shinkafa da sefa, kafin ɗan makaranta ya zaro alƙalami ya riga ya juya shi naira da ka. Yana jin Hausa da Dandanci da Fulatanci, har da ɗan Faransancin ciniki. Amma a miƙa masa takardar kwastan, sai gumi ya karyo masa. Ya shiga ajin yaƙi da jahilci sau biyu, abokansa sun karɓi takardar shaida, shi kuwa har yanzu b da d suna rikice masa, ƙugiyar ɓ da ɗ ta ƙara dagula al'amarin.

Jama'a ba su jinkirin yanke wa irin wannan hukunci. Waɗansu su ce rago ne, waɗansu su ce kansa ba ya ja, waɗansu ma su ce sammu aka yi masa. To, hukuncin nan adalci ne? In kuwa ba adalci ba ne, me ya saura a wuyansa?

Abin nan yana da suna. A shekarar 1887 wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, ya kira shi disleksiya. A 1896 kuma Likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin hankali, wanda rubutu ya gagare shi, har malaminsa na ganin da da baki kaɗai a ke koyarwa, da ya fi kowa a makarantar. Masana na yau sun gane ba ciwon ido ba ne, ba kuwa daƙiƙanci ba. Ƙwaƙwalwa ce ke shan wuyar tsinka kalma zuwa sautukanta, ta ɗaura wa ko wane sauti harafinsa. Ya kan bi jini, ba ya kuwa warkewa kamar masassara, amma karatu ya kan gyaru in an bi shi a tsanake.

Ashe zargin lalaci ya faɗi ke nan. Masu jirgi biyu a Kwara, ɗaya yana bin ruwa, ɗaya yana haurawa. Wanda ya haura zai iso a makare, amma ba mai hankalin da zai ce shi ne bai tuƙa ba. Wanda ya auna ƙoƙarin mutum da saurin isowarsa ya zalunce shi.

Sai dai uzuri bai zama hutu ba. Takarda ba ta jin tausayi. Wanda ba ya karanta saƙon kuɗi a wayarsa, ko rubutun da ke jikin kwalbar maganin ɗansa, dukiyarsa da asirinsa suna hannun duk wanda ya karanta masa. Saboda haka neman karatun yana nan a wuyansa. Abin da ya kamata ya sāke shi ne abin da ya ke dogara da shi.

Yawancin masu shiga aji da ɗoki su ke shiga. Ɗoki kuwa wutar kara ne, sai ana ƙara masa abin ci. Mai saurin ganewa, ko wane mako yana ganin ci gabansa, wannan ke hura masa wutar. Shi kuwa mutumin nan, riba ba ta bayyana gare shi sai bayan watanni, kafin nan wutar ta zama toka. Sai ya ce ya rasa zuciya, alhali kuwa ya jingina ne da abin da ba a yi shi don doguwar tafiya ba.

Abin da ke kai doguwar tafiya sabo ne. Hausawa sun ce sabo turken wawa, gaskiya ne, amma turken da ke riƙe wawa yana riƙe mai wayo, in shi ya zaɓi inda zai kafa shi. A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a London, aka buga a 2010, an bi mutane 96 masu neman sabon hali. Matsakaicinsu ya kai kwana 66 kafin abin ya zama jiki, amma wani kwana 18, wani kuwa a ƙiyasi har 254. Har wa yau an ga tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wannan magana ta ƙarshe ta fi kome amfani ga wanda ya saba da faɗuwa, gama shi da ya fasa rana guda sai ya ce halinsa ne ya dawo, ya nade littafi.

Yadda a ke kafa turken ba wuya. A ɗaura karatun ga abin da ba ya tashi, kamar bayan sallar asuba kafin a fita kasuwa. Minti 10 sun isa. Ya dubi harafi, ya faɗi sautinsa da ƙarfi, ya zana shi da yatsa a ƙasa, watau ido da kunne da hannu su taru su taimaki juna. A kan wannan dabara Anna Gillingham ta gina koyarwarta a Amurka wajen 1935, almajiri mai allo da tawada kuwa ba zai ga baƙon abu a ciki ba. Ya yi sa'a kuma da ya fara da Hausar boko, wadda galibi yadda a ke faɗa haka a ke rubutawa, ba kamar Faransancin ƙetare ba, mai haruffan da ba a furtawa.

Kada ya ƙirga shafi, ya ƙirga kwanakin da ya zauna, ko da tsakuwa zai riƙa jefawa a gwangwani. Malamin aji kuma kada ya tsai da shi ya yi karatu gaban jama'a ba shiri, domin dariya ɗaya ta kan kori dattijo daga aji har abada. Ran da ya kwana a hanyar Segbana ya tashi a gajiye, layi ɗaya ya wadatar, ko da rubutun da ke bayan buhu ne.