Inda Ƙasar Tonon Kaza Ke Faɗawa

Kaza ba ta tono da ka. Sai ta yaye ƙasa da ƙafa ɗaya, ta ƙara da ɗayar, ta ja da baya kaɗan, sannan ta sunkuya ta duba. In tsutsa ce ko ƙwayar gero, ta tsince. Har tsakuwa takan haɗiye, domin Allah bai ba ta haƙori ba, sai Ya ba ta ƙundu mai niƙa hatsi da tsakuwar nan. Amma duk tsawon yinin da take tono, ba ta waiwayawa ta ga inda ƙasar da ta watsa ta sauka.

A ƙauye ba komai, ƙasar a gindin danga take faɗawa ko kan juji. Amma a gidan haya na birni, kamar a unguwar Fagge ko Kurna, inda ɗakuna da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya, cikin shanyar kuɓewar maƙwabciya take sauka. Daga "kazar wa ce wannan?" sai cacar baki, daga nan sai gaba.

Hana kiwon ba shi ne magani ba. Kaza na mayar da dusa da ragowar tuwo ƙwai, kashinta taki ne, in ta yi kwanci kwana 21 ta fito da 'yan tsaki, uwargida ta samu na kashewa. Shi ya sa wasu manyan birane suka raba gardama. A birnin New York na Amurka an yarda a kiwata kaji mata, an hana zakara saboda cara, tun da kaza na yin ƙwai ko babu shi, sai dai ba ya ƙyanƙyashewa. An bar wa mai kiwo amfaninsa, an bar wa maƙwabci barcinsa. Akurki mai tsabta da shinge su ne kuɗin zaman lafiyar.

Abin mamaki, mutane nawa ne ke neman abinci irin na kaza? Mai walda ya tayar da janareta a bayan tagar marar lafiya. Mai wankin mota ya saki ruwa ya kwanta a ƙofar gidan wani. Mai shago ya share ledoji ya tura kwata, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakunan na gangare. Babu wanda ya yi nufin mugunta a cikinsu. Kowa idonsa na kan ƙwayar da ke gabansa ne kawai.

Ita kaza tana da uzuri, ba a ba ta hankali ba, shi ya sa mai ita ake tuhuma. Ɗan Adam kuwa shi ne mai tonon, shi ne kuma mai akurkin. Neman halal bai cika ba sai mutum ya san abin da sana'arsa ke jawo wa maƙwabci, ya kuma gyara tun maganar ba ta kai gaban mai unguwa ba.