Mai Juna Biyu da Rakiyar Ɗalibai: Lada Ne Ko Ganganci?



Ƙarshen zangon karatu ya matso, kuma makarantu da yawa, na boko da na Islamiyya, sun fara aiko wa iyaye takardar fita buɗe ido, abin da yaranmu ke kira eskoshon. A nan Kano wasu gidan zoo na Audu Bako za su, wasu Gidan Makama, wasu a hau da su Dutsen Dala, masu ƙarfin hali kuma har madatsar ruwa ta Tiga. A ƙasan takardar akan rubuta cewa ana neman iyayen da za su taimaka wajen kula da yara, fi sabilillahi. Tambayar da aka kawo mini ita ce: mace mai ciki wata shida ta rubuta sunanta cikin masu rakiyar 'yan aji biyu, mijinta ya bar mata zaɓi, surukarta ta ce sam. Wa ke da gaskiya?

Na lura mutane kan rabu gida biyu a kan irin wannan, kuma kowane gida yana da abin kamawa.

Na farko su ce ai ciki ba ciwo ba ne. Matan karkara da tsohon ciki suke daka, su yi surfe, su ɗebo ruwa, wata ma a bakin murhu naƙuda ke kama ta. Kuma tarihinmu bai san mace mai ciki a matsayin ƙwai a cokali ba. Asma'u 'yar Abubakar (RA) ta yi hijira daga Makka da cikin Abdullahi ɗan Zubairu ya tsufa, tafiyar da ta haura kilomita 400, ba mota ba kwalta, ta sauka a Ƙuba ta haihu. Asma'u 'yar Umais (RA) ta fito hajjin ban kwana a shekara ta 10 bayan hijira, ta haifi Muhammadu ɗan Abubakar a Zul Hulaifa, ana fita Madina kenan. Manzon Allah (SAW) bai ce ta koma gida ba, ya umarce ta ta yi wanka, ta yi ƙunzugu, ta ɗauki harami. Malaman sira sun ambaci cewa Ummu Sulaim (RA) tana da ciki ranar Hunaini, ga wuƙarta a ɗaure. Likitocin yau ma ba su ce mai ciki ta kwanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar wadda cikinta ke lafiya ta riƙa motsa jiki matsakaici aƙalla minti 150 a mako. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina so mazan da suka mayar da ciki hujjar kulle mace wata tara su ji shi da kyau.

Gida na biyu su ce ta zauna, aikin sa kai ba farilla ba ne. Su ma ba da ka suke magana ba. Alƙur'ani a Suratu Luƙman ya siffanta ɗaukar ciki da rauni da ke hawa kan wani raunin. Shari'a ta sauke wa mai ciki azumin Ramadan idan ta ji tsoro a kan kanta ko abin da ke cikinta, ta rama daga baya. Idan rukuni guda na Musulunci ya matsa ya ba ta hanya, ina ga rakiya gidan zoo? Akwai ma wata mas'ala a Muwaɗɗa da ba kowa ya santa ba: Imamu Malik yana ganin idan ciki ya cika wata shida, kyautar da mace za ta yi daga dukiyarta ba ta wuce sulusi, kamar dai mai jinyar da ake tsoron mutuwarsa. Za a iya cewa likitanci ya ci gaba tun daga zamaninsa, haka ne. Amma mu da muke sallar jana'izar matan da suka rasu wajen haihuwa a unguwanninmu mun san hatsarin bai zama tarihi ba tukuna.

To amma ku duba, gida biyun nan duk ita suke kallo. Za ta iya ko ba za ta iya ba, za ta wahala ko ba za ta wahala ba. A ganina an bar mutum biyu a waje, kuma su ne ba su da bakin magana a zancen.

Na farko shi ne wanda ke cikin. Shari'a ta san da shi tun kafin ya yi kuka. Ana ajiye masa kasonsa na gado. Wanda ya yi sanadin zubewarsa akwai diyya a kansa. An jinkirta wa matar nan Gamidiyya haddi har sai da ta haihu, saboda shi. Uwa tana da ikon sadaukar da hutunta da ƙarfinta don neman lada, wannan nata ne. Lafiyar ɗan tayi kuwa ajiya ce a wurinta, kuma mutum ba ya sadaka da kayan ajiya.

Na biyu, kuma a nan nake so mu daɗe, su ne 'ya'yan mutane.

Me ake nufi da rakiyar yara 'yan shekara bakwai? Duk wanda ya taɓa yi ya sani. Bas mai kujera 18 a loda mata yara kusan 30, wasu a kan cinyar wasu, ga kulolin abinci da jakunkunan fiya wata a ƙarƙashin ƙafa. A sauka a bakin titi, keke Napep na wucewa ta ko'ina. A shiga ciki, wannan ya ruga wajen jimina, wancan ya zura hannu a kejin biri, wata tana kuka za ta yi fitsari, wani ya ɓace a bayan masu sayar da alawa. Idan a watan Maris ko Afrilu ne, zafin Kano yana haura digiri 40. Idan bakin ruwa aka je, to ƙiftawar ido ɗaya ta isa. Aikin mai rakiya, idan an tace shi, shi ne ta iya zabura a guje a cikin daƙiƙar da ba ta zata ba, ta cafko yaro, wani lokaci ta ɗaga shi cak.

Shugabar makaranta idan ta ƙirga ta ce muna da manya biyar, a kan biyar ɗin nan take raba yara. Iyaye kuma a kan wannan lissafin suka sa hannu suka saki 'ya'yansu. Idan ɗaya daga cikin biyar ɗin ba ta iya gudu, ba ta iya tsayuwar awa uku, jiri na iya ɗibarta, to yaran da aka damƙa mata suna da mai kula a takarda ne kawai. In kuwa ta yanke jiki ta faɗi, wata malama za ta bar nata yaran ta tallafe ta, wata ta fita neman abin hawa zuwa asibiti. Biyar ta koma biyu.

Shi ya sa kalmar "sa kai" take yaudararmu. Muna jin tunda ba biya ake ba, duk abin da mutum ya kawo alheri ne, a ce an gode. A fiƙihu ba haka ajiya take ba. Babu wanda ya tilasta maka karɓar ajiyar maƙwabcinka, amma ranar da ka ce kawo, tsare ta ya zama wajibi, kuma in ka yi sakaci za ka biya, ko da ko sisi ba a ba ka ba. Abu Zarri (RA) ya nemi Annabi (SAW) ya ba shi wani muƙami, aka hana shi, aka gaya masa cewa yana da rauni kuma abin amana ne. Abu Zarri fa, wanda aka yi wa shaidar gaskiyar harshe. Ba a taɓa imaninsa ba, ba a taɓa niyyarsa ba. 'Yar dattijon Madyana ma da take ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa (AS) aiki, a Suratul Ƙasas, siffa biyu ta haɗa: ƙarfi da amana. Mu kuwa in mun ga mai amana sai mu ji kunyar tambayar ƙarfinsa.

Su kuma sahabban mata da aka kafa hujja da su, a duba da kyau. Hijira wajibi ce a lokacin, hajji rukuni ne, kuma kowace a cikinsu nauyin kanta ta ɗauka tana cikin jama'ar da za ta tallafe ta. Babu wadda aka ce ga yara takwas na mutane, ki dawo da su cif kafin la'asar.

Akwai wani lungu da ya fi wannan wuya, shi ne ƙaramin ciki. Mai wata shida kowa na gani, ko ba ta faɗa ba hijabi ya faɗa. Mai wata biyu fa? A al'adarmu ba a shelar ciki, akwai kunya, akwai tsoron baki, wata ko mahaifiyarta sai ta gane da kanta. Alhali a watannin farko ne laulayi ya fi tsanani, amai da jiri da kasala, kuma a nan ɓari ya fi faruwa. Shin dole ta tona sirrinta don za ta raka yara? Ni ban ga dole a kan ta sanar da duniya ba. Sirrinta ne, kuma ɓoye ni'ima har ta kankama ba laifi ba ne. Amma ba ta da ikon ta haɗa biyun, wato ta ɓoye kuma ta karɓi cikakken kason yara kamar lafiyarta ƙalau, in ta san jikinta ba ya ba ta haɗin kai. Ko dai ta ja malama ɗaya mace gefe ta ce, "Anti, ba na jin ƙarfi sosai kwanan nan, a ba ni aikin zaune," wanda ya wadatar ba sai ta yi bayani ba, ko ta ba da uzuri ta zauna. Ita ma malamar, in ta gane, amana ce a kanta, ba labarin ɗakin malamai ba ne.

Ban kuma yarda a raina dalilin da ya sa ta rubuta sunanta ba. Wata 'yarta ce ta dawo ta ce, "Umma, maman su wance ta je bara, ke ba kya zuwa." Wata tsoro ne, ba ta yarda da yadda ake kula da yara ba, tana ganin gara idonta na wurin. Wata kuwa, mu faɗi gaskiya, ta gaji da bangon gida huɗu ne, tana so ta sha iska kafin jego ya zaunar da ita. Duk halal ne. Wanda nake tsoro shi ne na ganin ido: an karanta sanarwa a taron iyaye, kowa ya sunkuyar da kai, ita kuma ba ta iya jure shirun ba ta ɗaga hannu.

Wannan shirun namu ne, mu maza. Ina iyaye maza? Mutum zai biya kuɗin mota da na tikiti, ya ga ya gama nasa. A ce aikin da ke buƙatar gudu da ɗaga yaro da tsayawa a gaban direba a ce masa rage gudu, an bar wa mata, har ya gangaro kan mai ciki wata shida. Wanda ke iya rufe shago wuni guda don ɗaurin auren ɗan abokinsa a wani gari, ko ya kashe awa biyu a gidan kallon ƙwallo, bai isa ya ce ba shi da lokaci ba. Makarantu ma da laifinsu, da yawa ba sa ko tunanin kiran uba, sai in kuɗin makaranta ya makara. Mijin da ya ce "na bar mata zaɓi" ya kyauta da bai yi mata kulle ba, amma da ya ce "ki huta, ni zan je," da surukar da matar duk sun kwana lafiya.

Abin da na gaya wa mai tambaya shi ne, hukuncin ba ɗaya ba ne ga kowace mace, kuma ba malami ne farkon wanda za a tambaya ba. Ta fara da inda take awo. Idan an taɓa ce mata jininta ya hau, ko tana ganin jini, ko ƙafa da fuska na kumbura da ciwon kai, ko ta sha yin ɓari, ko an ce mahaifa ta sauko ƙasa, to magana ta ƙare, zuwanta ganganci ne, kuma ina tsoron ya zama zunubi maimakon lada, domin shari'a ta hana cutar da kai da cutar da wani. Haka in an san akwai yaro mai ƙyanda ko ƙaranbau a ajin, don waɗannan suna iya taɓa ciki. In kuma tafiyar ta fita gari ce, kamar Tiga ko Yankari, ga ramukan hanya, ga maganar muharrami ta shigo, ni ba na ba ta shawara.

Idan kuwa ma'aikatan lafiya sun ce ba komai, wurin cikin gari ne, mijinta ya yarda, to ta je, amma bisa sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa: kada a ƙirga ta cikin masu tsaron yara. Ta zama ƙari a kan adadin. Ta zauna a inuwa wajen tabarma, ta riƙe rajistar sunaye, ta raba abinci, ta zama inda yaron da ya gaji ko ya rabu da 'yan uwansa zai dawo ya samu babba. Wannan aiki ne na gaske, duk wanda ya taɓa neman yaro a cikin taro ya san darajar a ce akwai mutum ɗaya da ba ya motsawa daga wuri ɗaya. Ta sha ruwa sosai, ta samu kujerarta ita kaɗai a mota ba tare da yaro a cinya ba, ta bar hawan Dala ga masu hawa.

Wadda kuma ta janye, kada ta ji ta yi asara. Ya inganta cewa a yaƙin Tabuka Annabi (SAW) ya ba sahabbai labarin wasu mutane da suka rage a Madina, uzuri ya tsare su, amma suna tarayya da su a lada. In tana so ta sa hannu, ta dafa wani abu ta aika, ko ta biya wa yaron da iyayensa suka kasa kuɗin mota, kusan kowane aji akwai irinsa, ana tafiya a bar shi a gida. Sai dai ta sanar da makaranta da wuri, kada ta bari sai da safe bas na ƙofa, don su samu damar neman wani.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya tsare mana zuri'a a fitarsu da dawowarsu. Wallahu a'alam.